Filin Tambayi Bakanike: Famfon gas ya mutu, garanti kuma ya ƙare

Tambaya:

Assalamu alaikum Oga, sannu da ƙoƙari. Dan Allah a taimaka min da shawara don kaina ya kulle. Ina da a-kori-kura mai shan gas, wato dizal, shekararta 6, ta yi kilomita dubu 170 da ɗoriya, garantinta ya ƙare tun bara. Makon jiya ina kan hanya na taka totur zan wuce wata babbar mota sai naji ta yi sanyi kamar an riƙe ta ta baya, fitilar injin ta kama, ban ƙara kilomita ɗaya ba ta mutu murus. Kik yana juyawa lafiya lau amma ta ƙi tashi. Janwe ya kai ta wajen dilan da na saya, suka ce famfon mai ne ya tafi, kuma wai ba famfo kaɗai ba, sai an canza nozul duka huɗu da bututai an sauke tanki, kuɗin da suka rubuto min wallahi ya kusa kashi ɗaya cikin uku na darajar motar a yanzu. Wani bakanike na waje kuma yace ƙarya ne cuta ce kawai, in kawo ta ya sa min famfo na hannu washegari in ɗau motata. Wa zan bi a cikinsu? Kuma shin kamfani ba zai ɗauki komai ba tunda dai ban taɓa wasa da sabis ba?

Daga wani mai karatu

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Kar ka bi kowa tukuna. Dukkansu biyu za su iya zama masu gaskiya, kuma abin da zai raba gardamar bai fi aikin minti 20 ba, shine a duba ko akwai burbushin ƙarfe a cikin man ko babu. A saman famfon akwai wani ɗan bawul mai soket na lantarki wanda shi yake auna yawan man da zai shiga a matsa, yawanci kusoshi biyu ko uku ne ke riƙe da shi. Ka je da kanka ka tsaya, a goge wajen tas, a kwance shi a gabanka. Ka haska fitilar waya a ramin da ya fito da kuma ƴar ragar da ke jikinsa. In kaga wani ƙyalli-ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa, toh dila bai yi maka ƙarya ba. Sannan a cire filtar mai a zazzage abin da ke ciki a farin kwano mai tsabta, a bar shi ya kwanta, a zagaya mayen ƙarfe a ƙasan kwanon, za ka ga garin yana bin sa kamar tururuwa. Ka ɗauki hoto da bidiyo, zan gaya maka amfaninsu a gaba.

In kuma ramin fes yake, filta ma babu komai sai dattin da aka saba, to ka ɗan saki ranka, don mai yiwuwa ma babban famfon lafiyarsa ƙalau. Mutane suna cewa "famfo" kamar guda ɗaya ne, alhali yawancin motocin nan biyu gare su. Akwai ƙarami na lantarki a cikin tanki ko kusa da shi wanda aikinsa kawai ya turo mai gaba, akwai kuma babba a jikin injin wanda ke matse man. In ƙaramin ya mutu, ko fis ɗinsa ya ƙone, ko filta ta toshe, ko tiyo ya tsage yana shan iska, alamar duk ɗaya ce da wadda ka faɗa, mota ta yi sanyi ta mutu kik yana juyawa a banza. Kwamfuta ma in an jona lamba ɗaya za ta bayar, P0087, ma'anarta ƙarfin mai a layin, wato bututun ƙarfen da ke raba wa nozul mai, ya yi ƙasa, shikenan, ba ta ce famfo ne ba. Nozul, wato abin da ke fesa mai cikin injin, guda ɗaya tak da ke zubar da mai ta hanyar komawa tanki ya isa ya hana ƙarfin taruwa, kuma injin ba zai tashi ba sai ƙarfin ya kai wajen bar 200 zuwa 300 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne) lokacin da ake kik. Na sha ganin an saya wa mota sabon famfo an ɗaura ta ƙi tashi, daga baya aka gano nozul ɗaya ne mai laifin. Don haka bakanike na gari zai fara auna ƙarfin ƙaramin famfo, ya kalli lambar ƙarfin layi a kwamfuta yayin kik, ya jona ƴan kwalabe a kan nozul ɗin su tari man da kowanne ke mayarwa tanki ya ga wanne ya fi cika da sauri, kafin ya buɗe baki ya ce a sayi wani abu.

Amma mu ɗauka an ga garin, don yadda ka bada labarin ya yi kama da hakan. Bari in gaya maka dalilin da ya sa lissafin ya yi tsawo haka, saboda in ba ka gane shi ba za ka ɗauka zalunci ne.

Tsofaffin injinan gas famfonsu yana tura mai ga kowane nozul ɗaya bayan ɗaya, kuma suna da haƙuri sosai. Tun wajen 1997 da Alfa Romeo 156 da Mercedes suka fito da tsarin da ake kira kwaman rel a ƙananan motoci labari ya canza, yanzu famfo yana cika wani bututun ƙarfe guda ɗaya mai kauri da mai, duk nozul ɗin suna sha daga nan, kwamfutar mota ce ke buɗe su. Ƙarfin da ke cikin bututun nan yana kaiwa bar 1,600 zuwa 2,000, wasu ma sun wuce. Tayar ƙaramar mota iskar cikinta ba ta wuce bar 2 da ɗan wani abu ba, kai ka auna. Don a iya riƙe irin wannan ƙarfi, tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin famfo da na nozul ƴan maikiron ne kawai, maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kanka ɗaya ya kai wajen maikiron 70. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, yawancin famfunan nan bakin mai ba ya zuwa cikinsu, gas ɗin da suke turawa shine maiƙonsu. Ranar da gas ya zo da ruwa, ko ya gauraya da fetur ko kananzir, ko iska ta shiga, ƙarfe ne zai goga ƙarfe kai tsaye.

Ba ka faɗi irin famfon da ke motarka ba, amma wanda ya fi yin suna a wannan matsala shine CP4 na kamfanin Bosch. A cikinsa akwai ƙaramin kam, wato wani ƙarfe mai tozo da ke juyawa, da wata ƴar taya ta ƙarfe da ke birgima a kansa, in maiƙo ya gaza sai tayar ta daina birgima ta fara ja, wani lokaci ma ta juya ta gicciye, daga nan sai ta shiga kankare kam ɗin kamar ana goga magagari. Inda abin ya fi muni, man da ya wanke wajen nan shi ne dai yake wucewa ta bawul ɗin da nace a kwance ya tafi layi da nozul, kuma duk wannan yana faruwa ne bayan filta, wato babu mai tare shi. Ragowar kuma ya bi hanyar komawa ya zube a tanki. Kafin motarka ta tsaya a gefen titi ranar nan garin ya riga ya zaga ko'ina.

Kaga kenan in bakaniken waje ya ɗaura maka famfo kaɗai, motar za ta iya tashi kam, har ka yi masa godiya ka ƙara masa wani abu. Sai dai garin da ya maƙale a lungun layi da cikin nozul da ƙasan tanki yana nan yana jira, bayan sati biyu ko wata biyu ya cinye sabon famfon, ko ya riƙe allurar nozul ɗaya a buɗe ta yi ta kwarara mai a kan fistin har ya narke, a nan kuma maganar ta tashi daga famfo ta koma sauke injin. Gyaran gangar auzinawa kenan. Ni dai a irin wannan hali ban yarda da "a wanke" ba a ɓangaren da ke ɗauke da babban ƙarfi. Famfo, layi, nozul, da bututan ƙarfe da ke tsakaninsu, canzawa ake yi. Bututan ma da yawa daga kamfanoni sun ce sau ɗaya ake ɗaure su don bakinsu yana lotsewa ya zauna. Tanki ana iya sauke shi a wanke shi sosai a shanya, tiyoyin roba a busa ko a canza, gidan filta da abin sanyaya mai in akwai shi gara a canza su saboda lungunansu ba sa wankuwa.

To ina za a rage kuɗi? Akwai wuri. Na farko ba dole sai a wajen dila ba, tunda garanti ya ƙare babu abin da ya ɗaure ka da su. Ka nemi masu aikin famfo da nozul zalla, waɗanda ke da injin gwaji na kan tebur, ba mai gyaran komai da komai ba. Bosch da Denso da Delphi su ne ke ƙera yawancin kayan nan, kamfanin mota sunansa kawai yake sawa a kwali, in ka sayi abin a kwalin wanda ya ƙera shi da lamba iri ɗaya sau da yawa ya fi sauƙi. Akwai kuma waɗanda masana'anta ta sabunta, ka bada tsoho a baka gyararre da takardar garanti, wannan ba laifi. Wanda nake tsoro shine na hannu da aka ciro daga motar da ba ka san abin da ya kashe ta ba, kana iya sayen irin ciwon da kake gudu. In dole ta sa sai shi, a kwance bawul ɗinsa a duba kamar yadda aka yi wa naka, a hau da shi tebur a gwada, mai sayarwa kuma ya rubuta maka cewa zai karɓa in bai yi ba. Kuma ka tabbata wanda zai ɗaura nozul yana da kwamfutar da zai shigar da lambobinsu, kowane nozul yana zuwa da lambarsa a jiki, in ba a gaya wa kwamfutar mota ba za ta yi ta ƙwanƙwasa da hayaƙi kana zargin kayan.

Yanzu maganar kamfani. Kar ka yanke ƙauna tun ba ka tambaya ba. Ka ɗauki lambar jikin motar mai harufa da lambobi 17 ɗin nan, ka sa a duba ko akwai kiranye, wato kamfani ya kira motocin ya gyara kyauta, ko ƙarin garanti na musamman a kan famfon, saboda kiranye ba ruwansa da ƙarewar garanti. An yi irin haka, a 2021 an yi kiranyen manyan a-kori-kura na Ram ƙirar 2019 da 2020 sama da dubu 200 a Amurka a kan wannan famfo na CP4, aka mayar musu da tsohon samfurin CP3. Ita ma GM da ta yi amfani da shi a injin Duramax daga 2011 zuwa 2016, a 2017 ta koma famfon Denso. Amma kar in sa maka rai da yawa, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka ta shafe shekaru tana binciken irin wannan ƙorafi a kan motocin Volkswagen masu injin TDI, ta rufe a 2015 ba tare da ta sa an yi kiranye ba, kuma a lokacin an ɗora laifi mai yawa a kan zuba fetur bisa kuskure. Wannan ita ce amsar da za ka fara ji kaima, "man da ka sha ne". Shi ya sa kafin kowa ya zubar da abin da ke tankin ka ɗebi kamar lita ɗaya a kwalba mai tsabta ka rufe ka rubuta kwanan wata, ka nemo rasit ɗin shan manka na ƙarshe, ka haɗa takardun sabis musamman na canjin filtar mai, kuma duk abin da aka cire a motar ka ce a saka maka a kwali, naka ne.

In man ya fita lafiya, ka rubuta wa ofishin kula da kwastomomi na kamfanin kai tsaye, a rubuce ba ta waya ba, ka nemi su ɗauki wani kaso don kyautatawa. Ba haƙƙi bane da za ka ɗaga murya a kai, alfarma ce, kuma sun fi yi wa wanda garantinsa bai daɗe da ƙarewa ba kuma littafin sabis ɗinsa cike yake, wani lokaci su bada kaya kai ka biya kuɗin aiki. In kuma aka samu ruwa ko fetur a man, to ƙofar kamfani ta rufe amma wata ta buɗe, ka duba takardar inshorarka in cikakkiya ce, wasu suna biyan ɓarnar gurɓataccen mai duk da ba sa biyan lalacewar tsufa, sannan ga gidan man da ka sha in kana da rasit. Ka kira inshora kafin a fara gyara ba bayan an gama ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kafin a tabbatar babu garin nan ka daina bari ana yi mata kik "a gani ko za ta tashi". Duk juyi ɗaya ƙarin gari ne. Kuma kar wani yaron gareji ya sassauta bututun ƙarfe yana taɓawa da yatsa wai yana duba ko mai na zuwa kamar yadda ake yi wa tsofaffin injina, man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin nama, ramin ɗan mitsitsi amma aikin tiyata ne na gaggawa.

Tambaya:

Malam barka da aiki. Ni tawa ba ta mutu ba, amma in ta yi zafi tana fizga a silo, wani lokaci ta mutu a danja in sake tayarwa ta tashi, kan hawa kuma sai ta ƙi jan totur sai na kashe na kunna. An ce min famfo ne ya fara. In sayi sabo tun kafin ya watsa min gari?

Daga wata mai karatu

Amsa:

Hajiya a'a, kar ki saya tukuna. Famfon da ke cin kansa ba kasafai yake yin wata da watanni yana gargaɗi ba. Abin da kika faɗa ya fi kama da ɗan bawul ɗin auna mai da ke maƙalewa in ya yi zafi, sananniyar matsala ce a famfunan Denso, kuma ana sayar da shi shi kaɗai, a kwance a ɗaura cikin awa guda, a wasu motocin a sa kwamfuta ta sake koyon famfon. Kafin shi ma a fara canza filtar mai a ga. Tunda dai za a kwance bawul ɗin sai ki ce a nuna miki raminsa, in babu ƙyalli kin huta.

Tambaya:

Oga ni nawa tsoro ne kawai, na karanta labaran famfon nan hankalina ya tashi. Abokina yana zuba ɗan bakin mai a tanki duk shan mai wai yana ƙara santsi. In bi shi? Me kuma zan yi don kar ya same ni?

Daga wani direba

Amsa:

Direba kar ka bi shi. Tunanin abokinka yana da tushe, maganin ne ba daidai ba. Gaskiya ne da aka rage sinadarin salfa a gas, Amurka ta sauko zuwa kashi 15 cikin miliyan daga 2006, Turai kashi 10 daga 2009, hanyar tace shi ta tafi da wani ɓangare na santsin man, shi ya sa matatu ke ƙara masa sinadarin santsi kafin ya fito kasuwa. Har ma'auni akwai, ana goga ƴar ƙwallon ƙarfe a cikin man a auna tabon da ta yi, Turai ba ta yarda ya wuce maikiron 460 ba, Amurka ta bari har 520, kuma masu ƙorafi a kan CP4 sun daɗe suna nuna wannan tazara da yatsa. Amma bakin mai yana ɗauke da sinadaran da in sun ƙone toka suke bari, ta daskare a bakin nozul, in motar tana da matatar hayaƙi a salansa ta toshe ta. Wanda aka juye daga injin kuwa ba a ma magana, gari ne da kanka kake zubawa. In kana son ƙari ka sayi wanda aka yi musamman don santsin gas, ka bi awon da aka rubuta, kuma ka guji mai barasa a ciki don shi yana haɗa ruwa da mai ne ya wuce da shi ta filta.

Sauran kuma ba wani sirri bane. Filtar mai ta asali a kan lokaci, in kana shakkar man da kake samu ka canza kafin lokacin. A ƙasan gidan filta akwai ɗan abin murɗawa na zubar da ruwa, yawancin direbobi ba su taɓa taɓa shi ba har su sayar da motar, ka riƙa buɗe shi kana tara abin da ya fito a kwalba, ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka, in fitilarsa ta kama a dashbod kuma ka tsaya a lokacin ba sai ka isa ba. Kar ka riƙa shanye tanki har ƙasa saboda iska. Bayan canjin filta a cika layin da mai kafin a tayar, ko da ɗan famfon hannu da ke kan filtar ko ta kunna makulli ana kashewa sau da yawa, gwargwadon yadda littafin motar ya ce. In tsautsayi ya sa aka zuba maka fetur, ko ruwan AdBlue, wanda ake zubawa a tankinsa daban don tsabtace hayaƙi, ya shiga tankin gas, ko makulli kar ka murɗa, don a motoci da yawa murɗawar kaɗai tana tada ƙaramin famfo, a tura ta gefe a zuƙe tankin.

In naka CP4 ne, ana sayar da wani haɗi da ke raba hanyar man, wanda ya wanke kam ya koma tanki ta cikin wata ƙaramar filta maimakon ya tafi nozul. Ba ya hana famfon mutuwa, amma in ya mutu shi kaɗai zai tafi. Wasu injinan kuma ana iya mayar da su CP3 gaba ɗaya, sai dai ka tambaya da kyau ko naka yana ciki kuma ko dokar hayaƙi ta inda kake ta yarda, kafin ka biya kuɗin kaya.